Maki Aikin Waya Ne, Gyara Aikin Malami: Abin da Ya Kamata Makarantun Minna Su Rarrabe

Tsarin ilimi na ƙasa ya ƙayyade cewa malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantun je-ka-ka-dawo na gwamnati a Minna, daga Bosso zuwa Chanchaga, daga Limawa zuwa Kpakungu, ya san wannan adadi a takarda ya tsaya. Mu ƙaddara malamar Ingilishi ce mai shiga aji biyar, kowane aji da ɗalibai 70, abin da ba baƙo ba ne a makarantun cikin gari. In ta ba da aikin gida sau ɗaya a mako, littafi 350 ke jiran ta a kan tebur. In ta ba kowane littafi minti uku kacal, ta karanta, ta ja jan biro, ta sa maki, ta shigar a rajista, minti 1,050 ke nan, wato awa 17 da rabi, ban da shiga aji, ban da rubuta shirin darasi, ban da hidimar gidanta. Lissafin ba ya fita, kuma malamai sun daɗe da gano haka. Shi ya sa aikin gida ya yi ƙaranci, ake cewa yara su yi musayar littattafai kowa ya duba na maƙwabcinsa, wani littafin kuma ya dawo gida da sa hannu da kwanan wata kawai, babu alamar an karanta ko layi ɗaya. A ƙarshen zango, in lokacin miƙa sakamako ya ƙure, wasu kan cike gurbin makin CA, wato makin gwaje-gwajen cikin zango, da ƙiyasi. Mai neman laifin malami zai ce lalaci ne. Gaskiyar ita ce awannin ne ba su kai ba.

Cikin wannan ƙunci ne manhajojin waya masu duba takardun ɗalibai suka fara shigo wa malamai. Mafi sauƙinsu ita ce irin ZipGrade: malami ya buga takardar amsa mai ƙananan zagaye, ɗalibi ya cike A ko B ko C ko D da fensir, malami ya shigar da amsoshin daidai sau ɗaya, sannan ya riƙa haska kowace takarda da kyamarar wayarsa, maki ya fito nan take. Ba sai ɗalibi ya mallaki waya ba, haskawar kanta ma ba ta buƙatar intanet. Akwai irin Google Classroom, wadda ta fito a 2014, inda ɗalibi ke karɓar aiki ya mayar ta waya ko kwamfuta, wannan kuwa sai gidan da ke da na'ura da kuɗin data. Na baya-bayan nan su ne masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake tallatawa da cewa za su karanta insha'in da yaro ya rubuta da hannunsa, su ba shi maki, har su rubuta masa sharhi. Ra'ayina shi ne makarantun Minna su karɓi na farkon hannu biyu, su bi na ƙarshen da taka-tsantsan, kuma tun kafin tafiya ta yi nisa su kafa ƙa'ida ɗaya: waya ta ƙirga maki, malami ya yi gyara, duk awar da waya ta rage wa malami kuma ta koma kan gyaran nan.

Minna ba garin da za a tsorata da na'urar duba jarrabawa ba ne. A nan, kan hanyar Bida, hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, take, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar, ɗan garin, ta kafa a Afrilun 1999, ta kuma gudanar da jarrabawar kammala sakandare karo na farko a 2000. Ɗalibai sama da miliyan ɗaya ke zama wannan jarrabawa duk shekara, kuma ba mutum ne ke duba takardunsu na canki-canka ba. Na'ura ce ke karanta tabon fensir, dabarar da kamfanin IBM ya fara sayarwa a Amurka tun ƙarshen shekarun 1930. Sai dai a lura da yadda hukumar ta raba aikin. Takardun rubutu, wato insha'i da lissafin da ake nuna matakai da bayanin kimiyya, ga malamai ake miƙa su. A tara su a cibiyoyin duba takardu, a bi da su kan ma'aunin ba da maki, a sa shugabannin rukuni su riƙa sake duba samfurin abin da kowa ya yi. Hukumar da ke da na'urori da ma'aikata ta ga akwai aikin da ake sakar wa na'ura, akwai kuma wanda ba a sakar mata. Abin da wayar hannu ta yi shi ne ta ɗauko kashin farko na wannan aiki daga babban ofishi ta sa shi a aljihun malamin aji. Kashi na biyu yana nan inda yake.

Ribar kashin farkon ba ƙarama ba ce, kuma masu raina ta ba su yi wa malamai adalci ba. Gwajin tambaya 20 na aji mai yara 70, wanda zai cinye yammaci guda da jan biro, ana iya haska shi a lokacin tara, kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji. Kuskuren haɗa maki, wanda gajiya ke jawowa kuma yake jawo rigima da iyaye, ya ragu. Yaro ya ga sakamakonsa gobe, darasin na nan sabo a kansa, maimakon bayan mako uku da an riga an wuce babi biyu. Amma abin da ya fi saurin muhimmanci shi ne manhajar tana warware wa malami sakamakon tambaya-tambaya: nawa suka ci ta bakwai, nawa suka faɗi, waɗanda suka faɗi kuma wace amsa suka zaɓa. Malamin lissafi da ya ce a haɗa rabi da sulusi, ya ga yawancin ajin sun zaɓi biyu bisa biyar, ya san ba sakaci ba ne. Yaran suna haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma gobe da safe ya san daga inda zai kama. Mai duba takarda 70 da hannu da wuya ya hango wannan, domin idonsa na kan jimillar kowane yaro, ba kan yadda ajin ya karkata ba. Malamin da ya yi amfani da manhajar don ya fitar da maki kawai ya rufe wayarsa, ya bar mafi tsadar abin da ke cikinta.

To ina haɗarin yake? Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da ya fi sauƙin dubawa shi ne a hankali zai zama abin da ake tambaya, abin da ake tambaya kuma shi ne zai zama abin da ake koyarwa. Akwai iskar da ke tura mu wannan ɓangare tun daga sama. Farfesa Dibu Ojerinde, shugaban NECO na farko, shi ne ya koma hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, a 2007, ya shigo da jarrabawa ta kwamfuta a 2013, aka mayar da ita dole ga kowa a 2015. A Afrilun 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya umarci hukumar jarrabawa ta Yammacin Afirka, WAEC, da NECO su koma kwamfuta su ma, daga baya Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta saboda ƙarancin kayan aiki a makarantu. Malamin da ya ga jarrabawar shiga jami'a gaba ɗayanta canki-canka ce, ga kuma waya a aljihunsa mai duba canki-canka cikin daƙiƙa, ga littafi 350 a gefe guda, ba sai an gaya masa wanne zai zaɓa ba. Zai rage insha'i daga mako-mako zuwa sau ɗaya a zango, ba da mugun nufi ba. Sai a wayi gari da ɗalibin da ya iya gane jimla daidai cikin huɗu amma bai iya ƙirƙiro ko ɗaya ba, wanda ya iya zaɓen amsar lissafi amma in an ce ya nuna hanyar da ya bi sai ya tsaya. Malaman jami'a sun daɗe suna kukan ɗaliban da ba su iya rubuta wasiƙa ba. Manhajar da aka saki babu ƙa'ida za ta ƙara wa wannan kuka ƙarfi.

Tushen maganar shi ne maki da gyara ba abu ɗaya ba ne, ko da yake jan biro ɗaya ke yin su. Maki na gaya wa yaro inda ya tsaya, gyara na nuna masa ƙafar da zai ɗaga. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta yi gwaji da yara 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da duka biyun. Masu sharhi kawai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu maki da sharhi ba su fi masu maki kawai ba, domin ido kan faɗa kan lamba ya tsallake bayanin. Shekara goma bayan haka Paul Black da Dylan Wiliam a Ingila suka tattara ɗaruruwan bincike, suka nuna cewa dubawar da ke komawa cikin koyarwa tana ɗaga karatu sosai, musamman ga yaran da ke baya. Mu kuwa ba sai mun je Turai neman shaida ba. A makarantar allo ba a ba almajiri kaza bisa goma. Yana kawo allonsa, malam ya duba rubutun a gabansa, ya gyara harafin da ya karkace da wasalin da ya ɓata, ya biya masa, kuma ba ya wanke allon sai karatun ya zauna. Duk abin da za a faɗa game da halin da tsangayu ke ciki a yau, wannan dabarar ta gyara ido da ido ita ce ta fitar da mahaddata masu rubuta Alƙur'ani da ka. Ajin boko mai yara 70 ba zai iya yin haka ga kowa kullum ba. Zai iya yi wa yara goma a mako in malami ya sami lokaci, lokacin nan kuwa shi ne abin da waya za ta iya sama masa.

Za a ce ai na'ura ta fi mutum adalci. Ba ta san ɗan wane ba, ba ta gajiya, ba ta karɓar na goro, ba ta riƙe yarinya da maki don wata mummunar buƙata. Wannan hujja mai nauyi ce, kuma a fagen canki-canka na yarda da ita. Amma adalcin na'ura iyakarsa abin da aka ɗora mata, kuma in ta yi kuskure ba ɗaya take yi ba. A Agustan 2025 WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an duba wasu takardun canki-canka da jerin amsoshin da ba nasu ba, adadin ya koma kashi 62.96. Wata uku kafin nan shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa kan matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A Ingila ma a 2020 gwamnati ta janye sakamakon ɗalibai da aka fitar da lissafin kwamfuta, bayan ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da malamai suka bayar. A duk ukun, abin da ya ceci yara shi ne mutane sun ga sakamakon bai yi kama da ɗaliban da suka sani ba, suka ɗaga murya. A aji ma haka ne. Malami ya shigar da amsar tambaya ɗaya ba daidai ba, yara 70 sun cutu a tare. Don haka dole takardar ta koma hannun ɗalibi, a bi amsoshin a allo, kuma yaro ya sami damar cewa, "Malam, a sake duba mini."

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa. Za a ce manhajojin yau ba ƙirga maki kawai suke yi ba, suna karanta insha'i su rubuta sharhi mai kyau, wani lokaci ya fi na malamin da ya gaji. Burin sa kwamfuta ta duba insha'i tsoho ne, tun 1966 Ellis Page ya fara shi a Amurka, kuma a 2014 Les Perelman na jami'ar MIT ya nuna cewa za a iya tara manyan kalmomi marasa ma'ana su ci babban maki a irin waɗannan na'urori. Na yau sun fi waɗancan nesa ba kusa ba, ban musanta ba. Duk da haka, abin da za a ba su a Minna hoton rubutun fensir ne a littafi mai layi, an ɗauka cikin ƙarancin haske, na yaron da ke magana da Gwaranci ko Nufanci ko Hausa a gida, Ingilishi sai a aji. Harafi ɗaya da manhajar ta karanta ba daidai ba ya zama laifin yaro. Irin waɗannan manhajoji kan ba insha'i ɗaya maki daban in an sake tura shi. Kuma ko da duk wannan ya gyaru, akwai asarar da ba ta gyaruwa: ta karanta rubutun yaro ne malami ke sanin yaron. A nan yake gane cewa mai musanya "p" da "f" harshen gida ne ke bin sa, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. A nan yake gane aikin da yaya ya rubuta wa ƙane. A nan yake lura cewa yarinyar da ke cika shafi biyu ta koma layi huɗu, ya tambaya, ya ji talla ce ta ƙaru ko maganar aure ta taso. Yaron da iyayensa suka gudo daga Shiroro ko Munya saboda 'yan bindiga, ya rasa zango biyu, ba sharhin nahawu yake buƙata da farko ba. In malami ya ga dama ya nemi taimakon manhajar wajen gano kurakuran da suka fi yawa a aji, babu laifi. Amma kada wani maki ko sharhi ya isa ga ɗalibi da sunan malami alhali malamin bai karanta aikin ba.

Akwai kuma masu cewa a bar zancen gaba ɗaya, ba wuta, ba sabis, ba kuɗi. Kukan wuta gaskiya ne, kuma abin takaici ne a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru a ce malami na neman inda zai sa caji. Amma manhajar haskawa waya ɗaya take buƙata a hannun malami, ba 70 a hannun yara ba, kuma ɗaliban nan ko an so ko an ƙi za su haɗu da irin wannan jarrabawa a gaba. Tambayar da ta fi dacewa ita ce wa zai biya. Waya mai kyamara mai kyau kuɗi ce. ZipGrade takarda 100 take haskawa kyauta a wata, daga nan sai biyan kuɗin shekara da dala. Takardar amsa sai an buga ta, 350 a kowane gwaji ga malamar da muka yi misali da ita. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Neja naira 80,000 ne tun ƙarshen 2024. Ba daidai ba ne shugaban makaranta ya ce kowa ya koma manhaja, sannan a bar malami ya cire kuɗin daga abincin 'ya'yansa, ko a ɗora wa iyaye sabon haraji ta ƙungiyar iyaye da malamai. Jihar Edo da shirinta na EdoBEST tun 2018, da maƙwabciyarmu Kwara da KwaraLEARN, duk abin da mutum zai ce game da tsarinsu, gwamnati ce ta raba wa malamai na'urorin. Wanda ya sa aiki shi ke ba da kayan aiki.

Sai batun da ba a cika tada shi a ofishin malamai ba. Takardar da aka haska tana ɗauke da sunan yaro da ajinsa da rubutun hannunsa da rauninsa, kuma da zarar an haɗa wayar da intanet, waɗannan bayanai kan tafi rumbun kamfani a wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko mariƙa kafin a sarrafa bayanan yaro. Maganin mai sauƙi ne: a ba kowane ɗalibi lamba, sunayen su zauna a rajistar makaranta, a sanar da iyaye a taro, kuma in malami ya bar makarantar a goge bayanan daga wayarsa.

Ba kowane gari ne ke da abin da Minna ke da shi don daidaita wannan al'amari ba. Ga NECO da gogaggun masu tsara tambaya, waɗanda suka san yadda ake gina canki-canka mai tono kuskuren tunani, ba mai gwada hadda kawai ba, wannan kuwa fasaha ce da yawancin malaman aji ba a koya musu sosai ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja mai yaye malaman firamare da ƙaramar sakandare. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, da tsangayoyinta na fasahar sadarwa da na ilimin kimiyya a Gidan Kwano da Bosso, inda manhajar da ke haska takarda ba tare da intanet ba, ta ajiye bayanai a gida, ba ta fi ƙarfin malamai da ɗalibanta ba. Kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jihar da hukumar ilimin bai-ɗaya shi ne su tara waɗannan uku da ƙungiyar malamai ta NUT a tebur ɗaya. A fitar da umarni a rubuce cewa canki-canka kada ya wuce rabin makin CA, kuma kowane ɗalibi ya sami aikin rubutu da malaminsa ya karanta ya gyara aƙalla sau biyu a wata. A fara da makarantu kaɗan a Minna da ƙauyukan kewaye na tsawon zango ɗaya, gwamnati ta ɗauki kuɗin waya da takarda, a auna ko rubutun yara ya ƙaru ko ya ragu, a bayyana wa jama'a abin da aka gani. Kafin a yi wannan, kada a sa hannu a kwangilar manhaja da kowane kamfani.